Hular Kwanon Sai-Na-Ce

Ina 'yar shekara shida na fara jin sunan. Muna ɗakin Kaka da rana tsaka, tana tsefe mini kai a gaban fanka, sai fankar ta yi juyi biyu ta tsaya cak. Kaka ta dube ta sheƙeƙe, ta ce, "To, Sai-Na-Ce ya ce a ɗauke."

Na ɗauka wani ƙaton aljani ne mai kwana a kan falwaya. Sai da na ƙara wayo na gane ɗanta ne na fari, yayan Ummana, wato Kawuna na jini, wanda gidansa ke bayan namu.

Allah Ya yi wa zuriyarmu baiwa da wannan bawan nasa. Wasu gidajen suna taƙama da likita, wasu da lauya. Mu kuwa namu shi ke riƙe da linzamin wutar lantarki ta shiyya guda, tun daga manyan wayoyin da suka ratso daji har zuwa ƙwan fitilar banɗakin kowa. Haka ya faɗa mana, kuma babba ba ya ƙarya, sai dai ya yi mantuwa.

Da na gama sakandare Kaka ta damƙa mini littafin gida, inda ake rubuta ranar haihuwa da ta rasuwa, tare da gwangwanin hotuna. Ta ce in riƙa rubuta gaskiya ko a kan wa ta faɗa. Saboda wannan amana dole in ambaci abin da masu baƙin ciki ke cewa: wai a takarda Kawu mai sito ne a ofishin wuta, aikinsa miƙa waya da ƙusa ta taga. Amma takarda me ta sani? Takarda ba ta taɓa ganinsa da safe ba, sanye da riga mai ratsin ɗorawa, sukuddireba uku a aljihun gaba, ɗamarar hawa falwaya a saɓe a kafaɗa. Shekara ashirin ɗamarar nan tana kafaɗarsa, har yau ƙamshin kanti take yi.

A saman duka kuwa akwai hular kwano. Fara ƙal, irin ta manyan injiniyoyi. Yadda aka yi ta baro sito ta hau kansa, littafin gida bai faɗa ba. Da ita yake zuwa aiki, da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zuwa duba mara lafiya. Kullum da safe sai matarsa ta goge ta da tsumma mai laushi, ta miƙa masa da hannu biyu. Kaka ta ce ita da ta haife shi ta manta fasalin kansa.

Ga yadda yake aikin alherinsa. Za a wuni ba wuta. Tela ya rungume hannu, mai aski ya koma almakashi, mai sayar da ƙanƙara tana kallon jarinta yana zama ruwa. Can sai a ji hon sau biyu. Kawu ne a kan babur. Zai sauka a hankali, ya dubi mutane da tausayi irin na uba, ya dubi agogo, ya ciro waya.

"Ni ne," zai ce. "Mutanena sun sha wahala haka nan. A kawo."

Kafin ya mayar da wayar aljihu fanka ta fara juyi. Yara su ɗauki ihu, "An kawo! An kawo!" Shi kuwa sai ya ɗaga hannu ɗaya, alamar ba komai, ai yi wa kai ne. In ya ga taro ya yi kauri, sai ya ƙara musu ilimi kyauta.

"Wuta, jama'a, ba ruwan famfo ba ce da kowane yaro zai murɗa. Wuta dabba ce. Tana da ubangida, kuma ta san muryarsa. Ba ta zuwa sai na ce, ba ta tafiya sai na ce."

Nan sunan ya samo asali. Wasu kuma suna kiransa Injiniyan Inuwa, wannan ma da dalilinsa.

Babana ma'aikacin layi ne a ofishin. Shi ne mai hawa. Tafin hannunsa kamar bayan kunkuru, maganarsa ba ta cika cokali ba. Duk lokacin da iska ta kayar da falwaya, shi da abokan aikinsa ake kira. Kafin kowa ya hau sai an kashe layin, an sa kwaɗo a makunni, an rataya jan kati, an haɗa wayar da ƙasa, sannan Baba ya ƙara taɓa ta da sandar gwaji. Ya ce wuta ba ta san sabo ba.

Duk wannan tsari Kawu ke kula da shi, daga ƙarƙashin bishiya mafi kusa. Nan zai tsaya ya riƙe ƙugu, yana nuni da yatsa.

"Ƙanina, ɗaure ta dama! A'a, hagu! Yawwa, abin da na ce ke nan."

Baba daga sama zai amsa, "To, Yaya," ya ci gaba da abin da yake yi tun farko. In an gama, mutanen unguwa su kewaye Kawu da godiya da ruwan sanyi, Baba yana gefe yana naɗe igiya. Umma takan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Baba yakan ce ta bar shi, yabo ba ya ɗaure waya.

A gwangwanin hotuna akwai na Kawu goma sha ɗaya a bakin aiki. Na jera su na duba da kyau. A cikin kowanne, ƙafarsa ta dama tana kan matakin farko na tsani. Ban sami na mataki na biyu ba. Wataƙila mai hoton ne ba ya da haƙuri.

Sirrin muryar da wuta ke ji kuwa, ni kaɗai na sani, don da hannuna ake yin sa.

Wutar da ake samu ba ta isar kowa, sai ana rabo. Kowace Litinin ɗakin sarrafa wuta yakan aiko wa ofisoshi takardar rabo: layi kaza za a ba shi daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Unguwarmu tana kan Layi na Bakwai. Takardar takan biyo ta tagar sito, kwafi ɗaya ya maƙale a aljihun Kawu. Matsalar ita ce rubutun ƙanana ne, idon Kawu ya fara gajiya, tabarau kuwa ya ce na tsofaffi ne. Don haka duk Litinin da yamma zai kira ni, in kwafe masa sa'o'in Layi na Bakwai da manyan haruffa a farar takarda. Ya ce sirrin aiki ne, in na faɗa wa wani hukuma za ta kama ni. Ya kuma kafa mini doka: sa'o'i kawai zan kwafa, ban da bayanan da ke ƙasan shafi.

"Ƙananan rubutu," in ji shi, "na ƙananan ma'aikata ne."

Da takardata yake sanin za a kawo ƙarfe biyu, sai ya iso biyu saura minti uku. Zakara ma da haka ya yi suna: ya san lokacin da gari zai waye, sai ya riga kowa buɗe baki.

Ana haka aka fara ginin sabon layi. Shekara biyu ana yi. Aka gina sabuwar tashar rarraba wuta a bayan gari, aka kafa dogayen turakun ƙarfe tun daga can nesa, aka ja waya ta tsallake kogi da gonaki da fadamar da ta haɗiye motar aiki har sau biyu. Baba yakan yi sati ba mu gan shi ba, ya dawo baƙi wuluk, ƙafa duk tsaga. Wata injiniya siririya mai takalmin roba ita ke jagorantar aikin, an ce ta san kowane turke kamar ɗan cikinta.

Kawu kuwa ya ɗauki nauyin da ya fi kowanne: ba da labari.

"Na ce musu a karkato da shi ta gabas. Yarinyar nan injiniya tana da ƙoƙari, ba laifi, tana jin magana. Daren jiya ban runtsa ba saboda turke na arba'in da bakwai."

Matarsa ta gaya wa Umma cewa lallai bai runtsa ba, don munsharinsa ya hana shi kansa sakat.

A unguwarmu mutum ɗaya ne bai taɓa tafa wa Kawu ba: mai walda. Tare suka yi firamare, ya san shi tun ba hula. Wata Talata Kawu ya zo ya "kawo" wuta kamar kullum, ya tsaya karɓar godiya, sai mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa.

"Sai-Na-Ce, kullum kawowa muke gani. In da gaske dabbarka ce, kore ta mu gani. A gabanmu, a lokacin da ka faɗa da bakinka."

Kawu ya yi murmushin wanda ya san abin da ke aljihunsa. Ya juya baya kamar mai tunani, ya ɗan ɗaga hula kamar zai sosa kai, ya juyo.

"Jibi Alhamis, ƙarfe biyar na yamma. A nan ƙofar shagonka."

"In ta tafi," in ji mai walda, "zan ƙera allo na ƙarfe da sunanka, in liƙa a shingen tiransifoma, jikokinka su gani. In ba ta tafi ba, ka ciro hular nan ka ba ni."

"Na yarda. Fara neman ƙarfe mai kyau, ba na son mai tsatsa."

Da labari ya iso gida sai na tuna takardar Litinin. A ƙasan shafin akwai layi biyu na ƙananan rubutu, na karanta amma ban kwafa ba, bisa doka. Cewa aka yi daga ranar Alhamis ƙarfe goma na safe an cire unguwarmu daga Layi na Bakwai an mayar da ita sabon layi, kuma sabon layi ba ya cikin rabo.

Na saka mayafi na zagaya gidansa. Na same shi a kujera, hula a kai, yana gwada yadda sunansa zai zauna a allo.

"Kawu, akwai wani bayani a ƙasan takardar nan…"

"Ɗiyata, shekarunki nawa?"

"Goma sha tara."

"Hular nan ta girme ki a aiki. Ƙwai ba ya koya wa kaza kwanci. Ki ce wa uwarki ta cika tuluna, ta sa abin da za ta sa a firji tun da wuri, don Alhamis zan ɗan hora unguwa."

Na sake buɗe baki, ya ɗaga hannu. Na gaya wa Umma, ta je, ya ce mata wuta ba zancen mata ba ne. Ta dawo tana huci, ta ce a bar shi, baki shi ke yanka wuya. Baba kuwa yana can sabuwar tashar wuta wurin aikin, ba a samunsa.

Ranar Alhamis ƙarfe goma wuta ta ɗauke minti kaɗan ta dawo. Aikin mayar da mu sabon layi ke nan. Kawu ya aiko a gaya wa mai walda cewa wannan gwajin murya ne kawai.

Kafin biyar ƙofar shagon ta cika. Tela ya rufe shago, mai aski ya fito da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske. Mai ƙanƙara ta zo da kujerarta. Har Kaka ta ce a riƙa mata hannu, ba za a ba ta labari ba. Mai walda ya rataya ƙwan fitila a bakin ƙofa, ya kunna, ya ajiye fanka a kan benci, su ne shaidu.

Biyar saura biyar aka ji hon sau biyu. An goge hula har tana ɗaukar ido.

"Jama'a," in ji Kawu, "ba da son raina zan yi wannan ba. Uba ba ya jin daɗin dukan ɗansa. Amma akwai masu shakka a cikinku, kuma gani ya kori ji. Masu injin niƙa su kashe. Masu ɗinki su cire ƙafa. Mai raunin zuciya ya zauna."

Ya dubi agogo. Ya ciro waya. Ya miƙa yatsa ga ƙwan fitila kamar mai korar kare.

"Ni ne. A ɗauke."

Fitila ta dube shi, ya dube ta. Fanka ta juya hagu, ta juya dama, kamar mai cewa a'a.

"Agogonsu yana baya," in ji Kawu. "Na sha yi musu faɗa."

Minti biyu. Minti biyar. Gumi ya fara gangarowa daga ƙarƙashin hula. Ya sake kara waya a kunne, ya ƙara murya.

"Na ce a ɗauke!"

Sai wani ya nuna tsallaken babban titi, unguwar da ta rage a Layi na Bakwai. Injin niƙansu ya yi shiru tun biyar daidai, mutanensu sun fito ƙofar gida suna fifita.

"Ga shi can, an ɗauke musu!"

"Kun gani?" in ji Kawu. "Umarni ya isa. Layi suka kuskure. Yau sai na kori mutum."

"Ranka ya daɗe," in ji tela, "ka auna mu, ka harbi maƙwabta."

Dariya ta fara daga baya tana matsowa gaba. Mai walda bai yi dariya ba. Ya nuna tiransifoma da ke kan kwana, ya ce tunda yaran Kawu ba sa jin magana, ga dabbar can a ɗaure, ubangida ya je ya kwantar da ita da hannunsa.

Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Kawu ya gyara ɗamara a kafaɗa, ya nufi shingen, taro na biye da shi. Taku goma na farko na jarumi ne. Daga nan tafiya ta fara gajarta. Tiransifoma tana gurnaninta a hankali, jan allon gargaɗi yana kallonsa. Ya tsaya saura taku uku, ya miƙa hannu. A nan dariyata ta tsaya, don na ga girman kai zai iya tura shi inda tsoro ke hana shi. Na ji Kaka ta damƙe hannuna.

Allah Ya kawo motar ma'aikata a daidai lokacin. Baba ya diro tun ba ta gama tsayawa ba, ya shiga tsakanin Kawu da shingen.

"Yaya, sannu da aiki. Ɗan ja baya kaɗan, wajen da santsi."

Ƙasar a bushe take ƙayau, amma Kawu ya ja baya da sauri, ya yarda da santsin. Baba ya juya ga mutane ya faɗa musu a taƙaice: tun safe an mayar da unguwa sabon layi, daga yau ba rabo, sai in gyara ya taso, shi ma za a sanar.

Ihun da aka yi ban taɓa jin irinsa ba. Mai ƙanƙara ta fashe da kuka. Mai aski ya rungume mai rabin aski. Kawu ya dubi hagu ya dubi dama, ya ga murna tana wucewa ba ta bi ta kansa ba, sai ya ɗaga hannu biyu.

"Abin da nake so ku gane ke nan! Darasi ne na shirya muku. Na gina muku layin da ni kaina ba na iya kashe shi!"

"Mun gode," in ji mai walda, ya miƙa hannu. "Hula."

Kawu ya nemi a ɗaga zuwa gobe. Ya ce hular kayan hukuma ce. Baba ya dubi ƙasa. Daga ƙarshe Kawu ya kama ta da hannu biyu ya ɗaga a hankali, kamar mai sauke tukunyar da ta tafasa. Sanƙo ya bayyana, fari sol, bai ga rana ba shekara ashirin. Sai wata takarda ta zamo daga cikin hular, ta yi lilo a iska, ta sauka a ƙafar mai aski.

Rubutuna ne. Manyan haruffa, ko daga tsallaken titi a karanta. Mai aski ya ɗaga ta sama ya karanta wa kowa: "Alhamis, za a ɗauke ƙarfe biyar." Ya ci gaba har Lahadi, ba wanda ya roƙe shi.

Kaka ce ta rufe taron. Ta daɗe tana kallon kan ɗanta, sannan ta ce, "Ashe kan ubansa ya ɗauko."

Tun daga ranar wuta ta zauna. Fanka tana juyi ba ta tambayi kowa ba. Kawu yakan wuce a kan babur ya yi hon sau biyu, tela ko ɗaga kai ba ya yi, keke na gudu. Hular tana nan a shagon mai walda, an kifa ta a bayan ƙofa, wata kaza ta mayar da ita wurin ƙwai. An ce ba ta taɓa yin aiki mai amfani kamar yanzu ba.

Bayan wata biyar ɗiyar Kawu da ke aure a nesa ta zo da 'ya'yanta uku. Yaran sun tashi da labarin kakansu mai kiran wuta, tun a mota suke tambaya yaushe zai nuna musu. Aka shirya cin abincin rana a gidanmu saboda Kaka. Da safe ina wanke kwanuka Kawu ya leƙo, da hular yadi a kai, ya yafito ni zuwa zaure. Ya dubi gaba ya dubi baya. Ban taɓa jin muryarsa ƙasa haka ba.

"Ɗiyata, kin san babban makunnin nan na bayan ƙofarku? In kin ji hon sau biyu, ki sauke shi. Zan shigo in ɗan yi magana. In kin ji na ce a kawo, ki ƙirga uku ki ɗaga. Kada ki gaya wa ubanki, kada kuma ki sa a littafin nan naki."

Na ce, "To, Kawu. Amma me zai hana ka sauke da kanka kafin su fito?"

Ya dubi makunnin daga nesa, ya ɗan ja baya.

"A'a, ke dai ki yi. An ce abin yana ja."